Saiwar Iya Yagana da Tsutsotsin Sauda

Iya Yagana ta tsufa tana sayar da saiwoyi da sassaƙe a ƙofar gidanta a unguwar Bolewa. Ba gadon sana'ar ta yi ba. Ɗanta na fari, Kashim, ya tashi da farfaɗiya, ita kuma ta bi ƙauyuka har bayan Damagum tana tambayar tsofaffi, a haka ta san itatuwa. Daga baya maganin asibiti ne ya riƙe Kashim, ba ta kuma taɓa ɓoye wa masu zuwa wurinta haka ba. Sai dai akwai wata saiwa mai ɗaci da take ganin in ta jiƙa masa yakan daɗe bai faɗi ba. Ba ta da tabbas, abin kuwa ya zauna mata a rai.

Bara Sauda, 'yar Kashim, mai karatun harhaɗa magunguna a jami'a, ta zo hutu ta roƙi saiwar. Ta ce a ɗakin gwajinsu suna kiwon wasu tsutsotsi ƙanana, sai da na'ura ake ganinsu. Akan ba su wani sinadari su kama karkarwa kamar mai farfaɗiya, sannan a ɗiga musu ruwan magani a ga ko za su lafa.

Iya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tambaya ko tsutsotsin suna jin zafi. Sauda ta ce ba ta sani ba. Tsohuwar ta ce to a riƙa yi musu a hankali. Washegari da kanta ta tafi daji ta tono sabuwa, wai wadda ke kan tabarma ta sha rana.

Bayan wata huɗu Sauda ta kira waya. Karkarwar ta ragu a wasu tsutsotsin, a wasu kuwa ko alama. Malaminta ya ce sai an maimaita, kuma tsutsa ba mutum ba ce.

"Iya, ba zan iya cewa tana aiki ba tukuna."

"To kada ki ce, ƙawata. Ki faɗi iya abin da idonki ya gani."

Tun daga nan duk kiran da Sauda ta yi, sai Iya ta tambayi lafiyar dabbobinta kafin ta tambayi karatu. Sauda ta yi alkawarin kai ta ta leƙa na'urar bayan Sallah. Iya har ta ba da ɗinkin sabon zane domin tafiyar.