Tawadar Baba a Cikin Firintar Yaya

A gidanmu tawada iri biyu ce, kuma kowace da mai ita. Ta zaure ta Baba ce, shi ke dafa ta da kansa da gawayi da ƙaro, ya zuba a kurtu, yaran unguwa su rubuta allo da ita. Ta ɗakin Yaya kuwa kwalabe huɗu ne, baƙa da ja da shuɗiya da rawaya, waɗanda yake sayowa a Sakkwato yana ɗura wa firintarsa da sirinji kamar mai yi wa jariri rigakafi. Da ita yake wanke wa mutane hotunan suna da na saukar karatu, har daga Bafarawa ana aiko mishi.

Yaya yana da wa'azi guda da ba ya gajiya da shi. "Masu ƙera firinta cewa suka yi sai tawadarsu, wai in ka sa wata injin ya mutu. Ƙarya ce! Tawada ai tawada ce." Na ji wannan magana ta fi sau dubu, kuma ni mutum ce mai riƙe karatu, in dai ba na makaranta ba ne.

Shekarata goma sha biyar a lokacin, kuma an hana ni shiga ɗakin tun ranar da na wanke wa akuyar Inna hoto har guda shida. Amma na san inda makulli ke kwana, can bisa ƙofa cikin tsohon takalmi.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. Yaya ya yi sammako ya bi mota ta garin Isa zuwa Sakkwato, don baƙar tawadarsa ta ƙare. Da hantsi sai ga Gwaggo, yayar Baba, daga ƙauyensu da ke bayan Tsamaye. Rabonta da Sabon Birni wata bakwai, saboda hanya ba ta biyuwa kullum. Motocin ƙauye a jere suke zuwa, a jere suke komawa da an sallame azahar, kuma ba direban da ke jiran ko uwar da ta haife shi.

Ta sha ruwa, ta gaisa da Inna, ta tambayi kowa har kaji. Sannan ta dubi bango ta ce, "An ce yaron gidan ga na da hoton wancan."

Duk mun san wanda take nufi. Ɗanta na fari ne, wanda aka rasa a hanyar gona da daminar bara. Gwaggo irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In ya shigo gaishe ta, ƙasa take amsa wa. Ya rasu ya bar mata da ciki, an haifi namiji, kuma a duniyar nan kaf hotonsa ɗaya ne, wanda Yaya ya ɗauke shi da Sallah yana jingine da babur.

"Ba don ni ba," in ji Gwaggo, tana gyara bakin zanenta. "Don jinjirin ne. In ya girma shi san fuskar ubanai."

Inna ta ce Yaya ba ya nan, sai gobe. Gwaggo ta ce, "To, Allah ya kai mu wani jiƙon," da wata murya shiru-shiru, kuma kowa ya san wani jiƙon yana iya zama baɗi, yana iya zama babu.

Bakina ne ya riga hankalina. "Ni za ni wanke miki, Gwaggo. Ni na koya wa Yaya ma."

"Ke?" in ji Inna. "Ke da ko shinkafa ba ki iya wankewa?"

"Ƙyale ta ta gwada," in ji Gwaggo.

Na ɗauko makulli, na kunna kwamfuta, na nemo hoton. Ga shi nan da farar hula, yana dariya, haƙorinsa na gaba mai ɗan gibi. Na buɗe kwalin takarda mai sheƙi, wadda ake wanke hoto a kai, na tarar saura biyu. Na ƙirga sau uku ko za su haihu, suna nan biyu. Don haka na fara gwaji da farar takarda.

Abin da ya fito ba a nuna wa mai rai. Duk inda baƙi ya kamata ya zauna fari ne fat, ba idanu, ba gira, ba gemu, sai kunnuwa da dariya. Na cusa takardar ƙarƙashin katifa na karanta duk addu'ar da na iya.

A cikin firintar akwai 'yan akwatuna biyu da Yaya ke kira katirij, ɗaya na baƙa, ɗaya na sauran kaloli ukun. Na jijjiga na baƙar, fayau. Na kifa kwalbar, ko ɗigo. A nan ne wa'azin Yaya ya faɗo mini. Tawada ai tawada ce. Ga kuwa tawada cike da kurtu a zaure, wadda ta fi ta Sakkwato baƙi, ta fi ta albarka nesa ba kusa ba.

Baba ya fita raka wani baƙo. Na yi sanɗa na ɗauko kurtun. Kada a ce ban yi hankali ba, sai da na tace ta da bakin kallabina har sau biyu. Na zuƙa a sirinji, na ɓare 'yar takardar da ke rufe ramin, na ɗura. Yaya rabin sirinji yake sawa. Ni da yake abin na Gwaggo ne, na sa biyu cur.

Na ɗora takarda mai sheƙi, na danna. Firinta ta ja, ta yi tari, ta ci gaba. Farar hula ta leƙo tsaf, har na fara shirya irin takun da za ni yi a tsakar gida. Sai ga wani baƙin layi mai kauri ya biyo, ya ratsa goshi, ya sauka kan hanci, ya malale. Na kai yatsa in gyara, fuskar duka ta biyo yatsana. Na ɗaga murfi, katirij na ɗiga kamar indararo, robobin da ke jan takarda sun yi baƙi ƙirin.

Saura takarda ɗaya.

"Ya ake ciki?" Inna ta ƙwala daga madafa.

"Yana dahuwa!"

"Hoton ne ke dahuwa?"

Sai na ji muryar Baba daga zaure, wadda ba ta taɓa ɗagawa. "Wa ya ɗauki kurtuna?"

Na dubi hannuwana, baƙi har gwiwa. Kallabina baƙi, gaban rigata baƙi, na tabbata har cikin kunnena akwai. Ko makaho ya shigo zai kama ɓarawo da ƙanshin ƙaro. Na yi tunanin tsallake katanga in nufi Nijar da ƙafa, ba nisa. Amma ta taga ina hango Gwaggo zaune kan tabarma, ta riga ta ɗaure ƙullin kayanta, tana duban ƙofar ɗakin da nake.

Na fita da kurtun a hannu. Baba ya dube shi, ya dube ni, ya wuce ni ya shiga ɗakin Yaya, ɗakin da bai taɓa takawa ba. Ya daɗe yana kallon hoton da ya lalace. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

"Takarda nawa ta rage?"

"Ɗaya, Baba."

"Gwaggonki ta gani?"

"A'a."

Ya naɗe lalatacciyar takardar ya sa a aljihu. "Allo nawa kika wanke tun da aka haihe ki?"

"Da yawa."

"Da mi?"

"Da ruwa."

"To mi kike jira? Ki cewa innarki ta ba da ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta. Ke kuma ɗauki wayarta ki nemo mai injin."

Sabis a unguwarmu sai an hau sama, shi ma na Nijar ne ke leƙowa in ya ga dama. Na taka turmi, na kama katanga, na haye rufin ɗakin awaki, na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Kira na huɗu ya shiga. Na faɗa wa Yaya komai a numfashi ɗaya.

"Tawadar mi?"

"Ta Baba."

"Ta allo? A firintata? Ke wace irin halitta ce?"

"Kai ka ce tawada tawada ce!"

"Ta kwalba nike nuhi, shashasha! Wallahi in na dawo..."

"Yaya, ka kashe ni gobe. Gwaggo ce, hoton ɗanta take so, kuma an kusa kiran salla."

Ina jin hayaniyar tasha a bayansa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka. "Cire na baƙar gaba ɗai, ki bar mai kala ukun. Za shi yi miki ƙorahi, ki danna ci gaba. Shi da kanshi za shi haɗa ukun su ba da baƙi. Amma ki fara tura farar takarda har sai ta..." Layin ya yanke. Na yi kiran duniya, shiru. A daidai nan ladan ya ɗaga murya.

Na diro na tarar da Baba durƙushe gaban firinta, ya naɗe hannun riga, yana goge robobin nan ɗaya bayan ɗaya a hankali, yadda yake goge allon yaron da ya fara karatu. Ruwan kwanon ya zama baƙi, Inna ta sake kawo wani. Da ya gama ya ce, "Za ni masallaci. Kafin in dawo kada ki sa takardar ga. Yi ta gwaji."

Na cire katirij na baƙar, na jefa a kwano. Kwamfuta ta fito da gargaɗi, na danna ci gaba. Farar takarda ta farko ta fito da layi biyu kamar sawun keke. Ta biyu, sawun ya dushe. Ta biyar, ɗigo-ɗigo. Fararen suka ƙare, na yage littafin lissafina na ci gaba, wanda shi ne amfani na farko da littafin ya taɓa yi mini.

Aka sallame. Wata mata da suka zo tare da Gwaggo ta yi sallama daga ƙofar gida. "Ki taso, mota ta cika, direba na ta faɗa!"

"Ga ni nan," in ji Gwaggo. Na ji motsin ƙullinta.

Baba ya shigo da carbi a hannu. Ya duba takardar gwaji ta ƙarshe a hasken taga, gaba da baya. "Sa," ya ce.

Na sa mai sheƙin. Firintar nan da ma ba ta da sauri, amma ran nan sai da na tsufa na yi jikoki kafin hula ta leƙo. Goshi ya fito, ba layi. Gira ta fito. Sai ga idanu, duka biyun, suna duban mu. Baƙin bai kai na da ba, ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa, amma shi ne, har gibin haƙorin. A can ƙasa, kan kafaɗar rigarsa, wani ɗigo guda da ya ɓuya a robar ya sauka, ƙarami kamar ƙwayar gero.

"Kada ki taɓa," in ji Baba. Ya ɗauka ta gefe-gefe ya fita, ina bin sa.

Gwaggo na tsaye da ƙulli a ka. Ta karɓa, ta kai shi wajen bakin zane za ta naɗe ba tare da ta duba ba, yadda ta saba. Sai hannunta ya tsaya. Ta sauke ƙullin ƙasa. Ta ɗaga hoton daidai fuskarta, ta dube shi, ta yi ta dubansa, a gaban ƙanenta da matar ƙanenta da ni. Matar ƙofar gida ta sake kira. Inna ta juya ta shiga madafa, alhali ba komai a kan wuta.

"Ashe haka ya yi kama da Baffa," in ji Gwaggo, tana nufin mahaifinsu ita da Baba. Ta nuna kafaɗar. "Wanga fa?"

Na buɗe baki za ni fara ƙarya, Baba ya riga ni.

"Tawadar karatu ce. Bar mishi."

Ta gyaɗa kai. Inna ta kawo leda, aka sa hoton tsakanin kwali biyu, Gwaggo ta cusa shi cikin rigarta, ba cikin ƙulli ba. Ni na ɗauki ƙullin, muka yi ta sauri har tasha, mutane na kallon baƙaƙen hannuwana. Motarsu ce ta ƙarshe a jerin, ta riga ta fara gangarawa, direba na zage-zage, aka ja Gwaggo ciki.

Da na dawo na tarar da kurtu a ƙofar zaure, an wanke shi an kife, kusa da shi ga gawayi da ƙaro da turmi. Baba bai ɗago daga littafinsa ba.

"Yara na zuwa da la'asar," ya ce. "Daka."