Lemun tsamin da na tuge a Akokan

Shekarun baya, tun ramin Akokan da ke gefen garin Arlit bai rufe ba, ni direba ne a kamfanin haƙar yuraniyom, kuma a gidan kamfani muke zaune ni da mai ɗakina. Daga wajen Tahoua na ɗauko ta tana yarinya. Ranar da muka sauka Arlit ta duba gabas da yamma, ba ta ga kore ko ɗaya ba, sai ta tambaye ni me awakin garin nan suke ci. Na ce kwali. Ta ɗauka wasa nake yi.

A bayan ɗakinmu akwai wani ɗan fili, dutse da rairayi, taku goma bai kai ba. Nan ta mayar garka. Takin awaki take roƙowa wajen maƙwabta, ruwan wankin shinkafa da na alwala kuwa ba ta yarda a zubar ba, duk a bokiti ake tara mata. Da haka ta raya zogale, yakuwa, albasa, da wani lemun tsami da ta shuka daga ƙwaya shekarar da aka haifi 'yarmu ta fari. Ni kuwa gudummawata ɗaya ce: in zauna a inuwa in sha shayi ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba.

Ciwonta bai daɗe ba. Wata huɗu tana tari tana ramewa, muka yi asibitin nan, muka yi Agadez, aka ce mu dawo gida. Ko a kwanakin ƙarshe takan sa a fitar mata da tabarma bayan ɗaki. Wata safiya bayan sallar asuba Allah ya karɓi abinsa.

Ban yi kuka ba. Na karɓi gaisuwa, na sallami baƙi, har mutane suna yaba haƙurina. Bayan sadakar arba'in 'ya'ya suka koma gidajensu, aka bar ni da ɗaki biyu da shiru. Sai ranar nan na zaga baya neman tsintsiya, na tarar yakuwa ta kwanta, albasa ta ƙone, ganyen lemun ya nannaɗe. Kwana arba'in ba wanda ya tuna da su.

Na kama ban ruwa kamar mai biyan bashin sallah. Safe, rana, yamma. Cikin mako biyu na kashe sauran albasar da ta tsira, wannan karon da yawan ruwa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa, ta leƙo ta katanga ta ga taɓon da na yi, ta ce ba shinkafa marigayiya ta shuka ba. Ita ta koya mini in tura yatsa cikin ƙasa kafin in zuba. A bakinta kuma na ji cewa duk matar da ta haihu a layinmu, mai ɗakina ce ke kai mata zogale har ta yi arba'in. Shekara ashirin da wani abu muna tare, ban taɓa sani ba.

Garkar ta farfaɗo kaɗan-kaɗan, ni ma haka. In na taso daga aiki can nake wucewa kafin in cire takalmi. Sannan aka rufe ramin. Aiki ya ƙare, gidan kuma na aiki ne, dole in tashi. 'Yata ta yi ta kira daga Tahoua tana cewa, “Baba, me ya rage maka a garin nan? Ka taho gida.” Na ce mata zan duba. Gaskiyar ita ce kabarin uwarta yana nan, ban iya ba shi baya ba. Na kama ɗan gida a cikin Arlit.

Kayan ɗaki ba su dame ni ba, lemun ne ya hana ni sukuni. Ina da aboki, mutumin duwatsun Aïr, wanda ya gaji aikin garka tun kakanni, yana da tasa garkar a gefen gari. Na kawo shi ya gani. Ya zaga itacen, ya taɓa gindinsa, ya ce ya tsufa da tashi, saiwarsa ta yi nisa, ga shi kuma ana tsakiyar zafi. Ya ce in yanki reshe ya dasa mini, in bar uwar a inda take.

Na ce masa, “Ba reshe ta shuka ba. Wannan ta shuka.”

Sai ya ce in kawo diga. Yini guda muka yi muna haƙa, mu biyu tsofaffi. Duk saiwar da ta ƙi fita muka sare ta, kowane sara ina jin sa a ƙirjina, amma ban ce a tsaya ba. Muka naɗe gindin da buhu jiƙaƙƙe, muka ɗora a amalanken jaki. Zogalen ko kallonsa ban yi ba, na bar shi nan tsaye a jikin katanga.

A sabon gida na yi masa rumfa da tsohon bargo, na ba shi taki, na auna ruwa da yatsa yadda aka koya mini. Mako na farko ganye ya zube, abokina ya ce a jira. Mako na uku na kankare bawon da farce, na ga babu kore a ciki. Na sake kankarewa can ƙasa, nan ma busasshe. A wurin na zauna a ƙasa, da rana tsaka, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Kuka mai sauti, irin wanda ban san ina da shi ba. Itacen da ya sha zafin Akokan shekara ashirin a hannunta, ni na gama da shi cikin kwana ashirin.

Abokina bai taɓa ce mini ai ya faɗa ba. Da ya ga na daina fita, sai ya zo ya ce bayansa na ciwo, yana neman mai taya shi. Ƙarya ce, na sani, amma na bi shi. Ya ware mini fangali biyu a garkarsa, na fara da salati da tumatir. Har yau can nake yini.

Bayan kamar shekara biyu wata hidima ta kai ni Akokan. Layinmu ya yi shiru, gidaje da yawa a kulle. Na yi niyyar wucewa kai tsaye, ƙafata ta ƙi. Tun daga nesa na hango zogalen ya zarce katanga, ya yi kore shar. Na yi sallama, wata mata mai goyo ta fito. Na gaya mata ni ne na zauna a gidan kafin su. Ta ce sun tarar da itacen ya kusa mutuwa, ta riƙa zuba masa ruwan wanke-wanke, yanzu har maƙwabta suna ɗiba. Ta ce akwai wani babban rami a bayan ɗakin da suka rasa dalilinsa, sai da suka cike shi don yara.

“Baba, me aka haƙa a wurin?”

Na ce mata wani abu ne na ɗauka wanda ya kamata in bari. Ta shiga ta tsinko mini ganye cike da leda, na karɓa na yi godiya.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Lokacin da nake haƙa, na ɗauka don ita nake yi. Yanzu na gane don kaina ne: tsoro nake ji in tashi da safe babu abin da hannunta ya taɓa a kusa da ni. Da na ji maganar abokina, da yau akwai lemu biyu, ɗaya a Akokan ɗaya a wurina. Na yafe wa kaina abubuwa da yawa, wannan kam har yanzu yana ci mini rai.

Masu cewa baƙin ciki yana wucewa, wataƙila nasu ya wuce. Nawa dai ya koyi zama wuri ɗaya ne, ya bar ni in yi aiki. Ranar Juma'a nakan je kabarinta in yi mata addu'a, in ba ta labarin jikoki da abin da ya tsiro a fangalina. Labarin lemun ne kawai har yau ban iya gaya mata ba.

Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku da suka riga mu.