Barau Orait

Ban san wanda ya koya wa Barau kalmar nan ta Turawa ba, amma duk Ajingi ba wanda ya more ta kamarsa. Yaron mota ne a babbar motar da ke kai gyaɗa Kano tun kafin yaƙin basasa, yaro a suna kawai, don furfura ta riga ta fito masa. Aikinsa ya duba baya, ya doki bodin motar da tafin hannu, ya ce "Orait!", direba ya ja. Kalmar ta bi shi har gida. Hure matarsa ta ajiye tuwo, orait. Ya ƙoshi, orait. In aka shirga masa ƙarya sai ya ja ta, "Oraaait," ya kau da kai. Har a zaman makoki ta taɓa kuɓuce masa, liman ya harare shi.

Abin da yake ɓoyewa idonsa ne. Shekarar da aka yi babban fari yanar ido ta fara rufe masa gani, ga gona ko dami ɗaya ba ta bayar ba, kuma ya san ranar da direba ya gane, aiki ya ƙare. Sai ya koma aiki da kunne. Ya saurara, in bai ji motsi ba ya doki bodi. Mu da muka lura muka ja bakinmu, wai mu masu tausayi. Har yau ina jin haushin kaina.

Wata ranar kasuwa Kulu, tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono, ta raɓe a inuwar bayan motar, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Barau ya kasa kunne, ya ji shiru, ya doka. Mota ta yi baya, taya ta bi ta kan ƙafarta.

Direba bai zage shi ba. Yatsu ya ɗaga a gabansa ya ce, "Barau, nawa ne nan?"

Barau ya daɗe yana ƙifta ido. "Ka yafe ni, maigida."

Kulu ta rayu, amma ba ta sake taka ƙafar ba. Kowace Juma'a Hure kan ja wa Barau sanda har rugarsu, ya durƙusa a bakin bukka ya ce, "Inna, ya jiki?" Shekara shida yana zuwa, har Allah ya ɗauki ransa. Ba ta taɓa amsa masa ba.