Baƙuwar Ƙoda da 'Yan Dubiya

Da aka sallamo maiɗakina Hajiya daga asibiti bayan dashen ƙoda, na kasa zama wuri ɗaya. In zauna, in tashi, in leƙa ɗakinta, in koma in wanke hannun da na riga na wanke. Ƙodar ta ƙaninta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma likita ta ce jiki bai san zumunci irin namu ba.

A tsaye ta yi mini bayanin, ranar sallama. Akwai wasu ƙwayoyi a jini da ake kira ƙwayoyin T. A ɓargo ake haifarsu, sai su tafi wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji su yi makaranta. Can ake nuna musu alamun jikin mai su, duk wadda ta tasar wa na gida a hallaka ta. Waɗanda suka tsira su fito yawo, suna duba alamar da kowace ƙwayar jiki ke ɗauke da ita. In suka ga baƙuwar alama sai su hayayyafa su far mata, kuma ba sa mantuwa.

Na ƙetare iyakoki da yawa a rayuwata. Na ga jandarma a hanyar Damagaram da ke sakinka in ka gaishe shi da Faransanci, na ga na Jidda da ke saukowa in ya ji Larabci. Kowane mai gadi akwai yaren da ake lallashinsa da shi. Waɗannan masu gadin na cikin jini ba su da yare. Sai dai a sa su gyangyaɗi da magani, safe da yamma, kuma muddin suna gyangyaɗin, murar da yaro zai yi wasa da ita tana iya mayar da Hajiya asibiti.

To, jama'armu ba sa jin an kwanta su zauna. Ranar Asabar motoci suka cika wurin ajiye mota na gidajenmu a Greenbelt, nan Amurka, wasu daga Hyattsville, wasu tun daga Fort Washington. Na tsaya a bakin ƙofa. A kan gaba gwaggon Hajiya ce, tsohuwar da ta raine ta, rungume da kwalba.

"Alhaji, matsa mana."

"Gwaggo, a yi haƙuri, likita ta hana shiga."

"Likitar ce ta goya ta? Ungo, zuma ce da habbatus sauda da tafarnuwa. Yana tayar da garkuwar jiki."

Na ce, "Gwaggo, ai ita ce ba ma so ta tashi. In ta tashi, ƙodar za ta far wa."

"Ikon Allah! A Amurka har ƙarfin jiki ma laifi ne?"

Tunda nake ban taɓa tare ƙofa ga mai dubiya ba. Na ce su zagaya ta baya, na ruga na ɗage labule, na zaunar da Hajiya a jikin taga da takunkumi a fuska. Suka jeru a kan ciyawa, kowa na ɗaga murya: "Sannu, Hajiya! Ya jiki?" Maƙwabta suka firfito kallo. Gwaggo ta ɗora tafinta a gilashi, Hajiya ta ɗora nata daga ciki, aka shafa addu'a.

Da za su tafi, Gwaggo ta cusa mini kwalbar. "To kai ka sha. Dubi yadda ka rame, kamar kai aka yanka."

Na kuwa shanye. Gwajin jinin da ya biyo baya ya nuna ƙodar tana aiki. Har yau, duk safiyar gwaji, ina kai da kawowa tsakanin taga da ƙofa, sai waya ta yi ƙara.

"Alhaji, baƙuwar tana nan?"

"Tana nan, Gwaggo. Masu gadi na barci."

"To ka rage zirga-zirga, kada ka tashe su."