Ranar da Na Kai Surukina Cin Bufe

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da washegarin wata ƙaramar Sallah ba, shekarar farko da aurena, ranar da na ɗauki surukina na kai shi cin bufe. Har yau in na tuna, kunya ce ke kama ni sabuwa fil.

Matata Bafulatana ce daga wani ƙauye can bayan Dukku. Mahaifinta dattijo ne siriri mai ƙarancin magana, kuma da ƙyar ya yarda ya ba ni ita. Abin da ya faɗa wa 'yan'uwansa, wanda ya dawo kunnena daga baya, shi ne ɗan birni bai san ya-kamata ba. Tun daga nan na ci alwashin sai na nuna masa ni daban ne.

A ranar matata tana aikin safe a asibiti, don ma'aikaciyar jinya ce, ciwo kuwa bai san Sallah ba. Da hantsi na ji sallama a ƙofar gidanmu na haya a unguwar Bagadaza. Ina leƙawa sai ga Baba, surukin nawa, tsaye da sandarsa, riƙe da kwalbar man shanu da ƙwan zabi a leda. Tun bayan asuba ya baro gida, kuma ya ce da la'asar zai juya, don motar garinsu ba ta jira. Karonsa na farko ke nan a gidana. Na san in ya koma da yunwa, maganarsa a kaina ta tabbata.

Na kira matata, waya a kashe. A kicin akwai masa da miyar taushe da maƙwabta suka aiko, a rufe, da ɗuminta. Da ina da hankali a lokacin, da a nan labarin ya ƙare. Amma sai na raina ta. Masa? Surukina guda? Sai na tuna wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa ya ba ni labarin wani ɗan gidan abinci a hanyar kasuwa, na wata mata 'yar Kaltungo, wai ta shirya bufe na Sallah. Ban taɓa zuwa irinsa ba. Abin da na riƙe kawai shi ne abinci kala-kala, ka ci iya cinka.

"Baba, mu ɗan fita mu dawo," na ce. Bai tambaye ni ina ba, ya ɗauki sandarsa muka hau keke mai ƙafa uku.

Wurin ƙarami ne, teburan roba ne a jere da fanka biyu, amma ya cika maƙil. Iyalai cikin kayan Sallah, 'yan mata da lalle suna ta ɗaukar hoton farantansu, talabijin tana ta ihu ba mai sauraronta. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana neman inda ake ajiye takalmi. Da na nuna masa kujera, sai ya ɗosana a bakinta kamar wanda yanzu zai tashi.

Muka zauna, shiru ba wanda ya zo. Na ɗaga hannu, na yi gyaran murya, na buga tebur da makulli, ko kallonmu ba a yi ba. Mutanen da muka riga shigowa kuwa har sun fara suɗe hannu. Na fara tunanin ko rainin wayo ne don an ga Baba da shigar ƙauye, raina ya soma ɓaci. Can wani saurayi a teburin kusa ya juyo yana murmushi.

"Oga, bufe ne fa. Ba wanda zai kawo muku abinci. Ka ɗauki faranti ka shiga layi."

Baba ya bi layin da kallo. Magidanta ne da manyan riguna, kowa riƙe da faranti ba komai a ciki.

"Malam, rabon me ake yi?"

"Abinci ne, Baba."

"To," ya ce. Na daɗe a duniya kafin in gane nauyin wannan "to" ɗin.

Na shiga layi ni kaɗai. Da na isa gaban tukwanen sai kaina ya ɗaure, don ban san me yake so ba, ban kuma san ko an yarda mutum ya koma sau biyu ba. Saboda haka na ɗebi komai. Dafa-duka, sinasir, taliya, farfesun kayan ciki, har miyar agushi ta malale ta shiga cikin alale. Na kawo wannan tsauni na dire a gabansa.

Ni dai an koya mini ba a cin abinci a gaban suruki, kuma ina alfahari da na san wannan. Don haka ban zubo wa kaina ko loma ba. Na ja kujera na zauna daidai gabansa, na harɗe hannu, na zuba masa ido ko zai buƙaci ruwa.

"Bismillah, Baba."

"Mi haari," ya ce a hankali da Fulatanci. "Na ƙoshi, Malam. Alhamdu lillahi."

Ya ƙoshi da me? Mutumin da leɓensa ya bushe, wanda na ji kukan cikinsa tun a keke? Na ce lalle haɗin gambizar da na yi ne bai yi masa ba. Na koma na zubo tuwon shinkafa da miyar kuka, tsaf. Ya ce ya ƙoshi. Na ce ko cokali ne matsalar, na kawo ruwan wanke hannu. Ya gode, ya juya fuska yana karanta kalandar da ke jikin bango, shi da ban taɓa ganin ya karanta boko ba. Na kawo zoɓo, na kawo kunun aya. Teburinmu ya cika kamar mu goma ne, mutane suka fara satar kallonmu, ni kuwa zufa tana bin bayana cikin sabuwar shadda. Lokaci yana ta tafiya, ga la'asar tana matsowa, ni kuma na rasa laifin me na yi.

Daga ƙarshe na ce ko naman yake shakka. Na tashi na sami mai wurin a bayan tukwane, wata mata kakkaura da ɗaurin ɗankwali a gaban goshi, na tambaye ta cikin raɗa wa ya yanka.

"Mahautan kasuwa, inda kai ma kake saya," ta ce ba tare da ta ji haushi ba. Sai ta leƙa teburinmu. "Tun ɗazu nake kallonku. Tsohon nan wane ne naka?"

"Surukina ne."

Ta ajiye ludayi, ta tafa hannu. "Surukinka! Bafulatani! Ka zaunar da shi a tsakiyar jama'a, ka tsare shi da ido kamar mai gadi? Malam, na tsufa ina sayar wa Fulani abinci ranar kasuwa, ban taɓa ganin bakin dattijonsu yana motsi ba. Ko kwana uku zai yi a nan, na ƙoshi zai ce maka."

"Ai ni ban ci ba, Mama. Na kiyaye."

"Ka kiyaye taka kunyar. Tasa fa?"

Ta goge hannu a zane, ta je ta rusuna a gabansa ta gaishe shi da Fulatanci. Ko kusa ba ta ambaci abinci ba. Cewa ta yi azahar ta yi, akwai buta da tabarma a ɗakin baya in zai yi salla. Baba ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba. Yana shiga na ga ta zuba tuwo a kwano mai murfi, ta haɗa da kwanon kindirmo, ta tura ta ƙarƙashin labule, ta juya baya.

"Kai kuma tafi masallacin bakin kasuwa ka yi taka," ta ce mini. "Kada ka yi sauri."

"In bar shi shi kaɗai? Ai sai ya ce na wulaƙanta shi."

"Tafi, Malam."

Na fita kamar wanda aka kora, ban san ko gyara aka yi mini ko an ƙara ɓatawa ba. Na yi salla, na zauna na yi lazimin da ban saba yi ba. Da na dawo na tarar da Baba a waje kan benci, sanda a cinya, fuskarsa ta sake. Mama ta ɗaga mini murfin kwanon daga nesa. 'Yar loma ɗaya ya rage a gefe, kamar yadda dattawa ke yi.

Har muka biya ya ga 'yarsa a bakin asibiti, har na sa shi a mota, bai ce uffan a kan abinci ba. Ni da na je wurin ci iya cinka, da yunwa na dawo gida, masar maƙwabtan nan da na raina ita na ci a tsaye a kicin, ta huce.

Bayan sati biyu matata ta je gida ta dawo tana dariya. Wai Baba ya faɗa a gaban 'yan'uwansa cewa yaron nan ya san fulako, kunyar nan ta Fulani, ya sa an kai masa abinci ɗaki, shi kuma ya kauce ya ba shi wuri. Farantan nan da na jibge, da idon da na zuba masa, ko ɗaya bai ambata ba. Ya sani sarai ba dabarata ba ce. Ni na tsaya a kansa ina kallon yunwarsa, shi kuma ya kau da kai daga wautata. Wannan ya fi komai taɓa ni, don sai da na yi ƙwalla.

Baba ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Duk zuwan da ya yi gidana bayan nan, nakan ajiye kwano a rufe a ɗaki, in tuna ina da wani saƙo a waje. Abin da ranar ta koya mini shi ne karrama baƙo ba a yawan abin da ka jibge masa yake ba. Ka fara sanin me yake jin kunya, sannan ka ajiye kwanon ka ba shi wuri.