Rigar da ke cikin hoton

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki na zo Yamai daga Damagaram, ina aikin buga takardu, ina haya a gidan wani tsohon soja a unguwar Gudel. Kogi ya ja baya, lambunsa ya zama ƙura.

Yana da hoto guda cikin gwangwani: wani saurayin Nasara cikin babbar rigar soja, wata budurwa ta rungume shi a kan titi. Ni da littattafan soyayya suka cika wa kai, sai na saƙa labari, wai ita ce ya so can ƙasar sanyi, Nasara ya ƙwace masa. Har hawaye na yi mata.

Sai aka yi shelar za a ba tsofaffin sojoji jar dawa, kowa ya zo da littafinsa na soja. Kwana uku ke nan matarsa tana dafa musu ganye da dusa.

"Baba, ina littafinka?"

Ya ɗora yatsa a kan hoton. "Yana cikin aljihun nan, ƴata."

Ya ce shekara biyu suna yi wa Nasara yaƙi cikin taɓo. Da nasara ta kusa, aka jera baƙaƙe aka tuɓe musu riga da takalmi, aka ba samarin Nasara su shiga gari da su. Daga baya ya ga hoton a jarida, ya gane facin da ya ɗinka da hannunsa a gwiwar hannu.

Na buga masa takardar roƙo, muka tafi biro, ofishin da ake rabon, tun da hantsi. Ana ta loda buhuna a motar bariki. Sojan da ke bakin tebur bai kai shekarun jikan Baba ba. Baba ya miƙa masa takardar da hoton.

"Tsoho, wannan ai Nasara ne! Ko rana ce ta ƙona ka daga baya?"

Aka yi dariya. Baba ya miƙe ƙyam. "Dubi ɗinkin, yarona."

"Ba a ba ɗinki dawa. Na gaba!"

Muka taka har Gudel. Matarsa ta riga ta ɗora tukunya, ruwa yana tafasa. Ta dubi hannuwanmu, ta janye itacen daga murhu ɗaya bayan ɗaya, ta yayyafa musu ruwa saboda gobe.