Barkono Huɗu a Kasuwar Hasahisa

Ku matso kusa, 'ya'yana. Mai daka ta jingine taɓarya, mai tankaɗe ta ajiye rariya. Wannan ba tatsuniya ba ce, a idona aka yi. Ihlas, ke rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini baki.

Ban taɓa mantawa da ranar da aka zo yi mini ta'aziyyar kaina ba. Amma bari in ɗauko daga tushe, don sababbin shiga aikin nan.

Mu bakwai ne a jam'iyyarmu ta masu yajin agashe, gasasshen naman nan irin tsire. Biyu suna suyar gyaɗa su matse mai, biyu suna daka ƙuli da barkono da citta da kanumfari, ɗaya tana tankaɗe. Ihlas jikata, da ta yi karatu a Madani, ita ke magana da 'yan kasuwa. Ni Asabe, aikina biyu: in ɗanɗana, in ƙulla. Ledar da harshena bai yarda da ita ba ba ta fita gidan nan. Wadda na yarda da ita sai in ɗaure bakinta da zaren kaba, ƙulli biyu, wutsiya ɗaya doguwa, ɗaya gajera. Haka uwata ta koya mini, ita ma haka ta ga ana yi a gidansu kafin su taso daga yamma.

Shekarar da muka dawo daga gudun hijira, kasuwa ta cika da baƙin fuska. Haj Adam, mai kantin da ke karɓar kayanmu a Hasahisa, ya ce wa Ihlas yanzu ba a sayen abu sai da hoto a jiki. Ya ce mu kawo alama a kai maɗaba'a, a liƙe bakin leda da wuta kamar na kamfani.

Ranar Asabar da hantsi Ihlas ta tara mu ƙarƙashin dalbejiya, ta ce akwai mai zane a cikin waya. Kana faɗa masa, yana zanawa.

Na ce, "Ɗan wane gari ne?"

Ta ce, "Habboba," wato kaka, "ba mutum ba ne. Na'ura ce."

Na ce, "To, a gwada shi."

Ta ce ya zana yaji mai ƙarfi. Ya zana zaki da hular kuku. Ta ce ya zana mace tana daka. Ya zana wata kyakkyawa, ba gumi ko ɗigo, tana da hannu uku.

Hajja Batul mai suya ta leƙa ta ce, "Subhanallahi."

Na ce, "Wannan in tana neman aiki a kawo ta."

Kafin azahar ya zana sun fi yatsunmu yawa, bai nemi ruwa ba. A ciki akwai wani jan barkono mai sheƙi, wuta na tashi a bayansa. Ihlas ta ce mai so ya ɗaga hannu. Duk suka ɗaga. Ni ma na ɗaga. Rubuta wannan, Ihlas, kada a ce tsohuwa ta wanke kanta.

Aka buga, aka liƙe, na rataye kabata a ƙusa.

Bayan mako uku, ranar Laraba muna cikin daka, sai raksha, keken nan mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofa. Bukari mai agashe ne ya sauko, da farar jallabiya da rawani, rungume da buhun sukari ƙarami, irin wanda ake kai wa gidan makoki. Mutumin nan tun gashinsa baƙi yake gasa nama da yajina, yanzu idonsa ya yi rauni, da yatsa yake gane kaya. Ya tsaya a zaure ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Al-Fatiha."

Hajja Batul ta ɗaga nata, ta shafa, sannan ta ce, "Wa ya rasu, Malam Bukari?"

Ya ce, "Hajja Asabe mana. Allah ya jiƙanta. Ko aike ba ku yi mini ba."

Na fito da taɓarya a hannu na ce, "Amin. Yaushe?"

Ya zauna a kan turmi.

Da ya sha ruwa ya yi bayani. Ya je kasuwa ya lalubi ledoji bai ji ƙulli ba. Aka ce masa namu yanzu mai jan barkono da wuta ne. Ya sayi mai jan barkono da wuta. Ya barbaɗa, masu ci suka tofar, wani ya ce garin tubali ne. Ya ce a ransa, ba ƙulli, ba ɗanɗano, ai Hajja ta riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya tambaye shi abin da ya sami agashensa, haka ya gaya masa.

Washegari na yafa tobe, mayafina na fita, na bi Ihlas Hasahisa. A layi ɗaya muka ƙirga yaji iri huɗu, kowanne da jan barkono, kowanne da wuta a baya. Ɗaya barkononsa ya kalli gabas, shi ke nan bambancin. Ashe duk mai zane ɗaya muka tambaya, tambaya ɗaya muka yi masa, shi kuma bai ɓoye wa kowa ba. Mata biyu suka gan ni suka ja da baya. Haj Adam ya ce in ba a gyara ba kafin kasuwa mai zuwa, zai ba wa wasu wurinmu a kanta, tunda ba mai tambayar yajin mamaciya.

Da muka koma Ihlas ta ce a bar wayar. Na ce a'a, ba shi da laifi, abin da aka ce masa ya yi. Na sauko da kaba na ƙulla, ta ɗauki hoto ta nuna masa. Ya zana ƙullin da ruwan zinariya da taurari da zangarniyar alkama.

Na ce, "Gaya masa ya rage."

Ya rage taurari.

"Ya ƙara ragewa."

Na share ƙasa da tafin hannu, na ce ga sharaɗi: alamar da tsohuwa ba za ta iya zana wa wanda ta aika kasuwa da yatsa a ƙasa ba, ba tamu ba ce. Duk wadda ya fitar, sai Hajja Batul ta kalla sau ɗaya, a kife wayar, ta zana. Sau biyar tana zana abin da ya yi kama da kunama. A na shida ta zana ƙulli biyu, wutsiya doguwa, wutsiya gajera. Na ce a kai maɗaba'a.

Kuma na ce ko an liƙe da wuta, sai na ɗaure kaba a sama, don takarda ba ta magana da yatsan Bukari.

Abin da na koya ke nan: mai zanen nan yana da hannu, amma bai san uwar kowa ba. In ba ka kai masa naka ba, na kowa zai ba ka.

Haj Adam bai ba da wurinmu ba, har yana cewa shawararsa ce. Hajja Batul ta koyi ƙullin, nata yana kwancewa. Ihlas tana zana wa masu sabulu da masu turare alama, kuma sai ta share ƙasa tukuna. Mai hannu uku ba ta zo ba har yau. Bukari ya zagaya kasuwa ya janye maganarsa. Sukarin kuwa da muka mayar masa ya ƙi karɓa, muka sha shayi da shi. Ya ce in ranar ta zo da gaske, a tuna ya riga ya kawo nasa.